Labarin Yadda Babbar Makaranta Ta Zo Kazaure

Asalin Gari

Garin Kazaure yana arewa da Birnin Kano, tafiyar kusan mil 50, a bisa hanyar da ta bi ta Dambatta ta nufi Daura. Ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai, mutanenta manoma ne da makiyaya da masunta. Masu ba da labarin da can sun ce wani maharbi ne ya fara sauka a wurin, da ya ga yadda duwatsu suka kewaye shi sai ya ce, wannan wuri kamar zaure. Daga nan suna ya bi gari. To, ko da a ce da wasa ya faɗa, maganar ta yi daidai da abin da ya auku daga baya, gama zaure shi ne masaukin baƙo, nan ne kuma malami ya ke shimfiɗa buzunsa ya karantar da yara.

Sarautar Kazaure ta samo asali daga Ɗan Tunku, Bafillacen Dambatta, wanda ya karɓi tuta a zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A cikin 1819 ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar masa da ƙasarsa. Da ya rasu a 1824 ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi sarauta har 1857, ya faɗaɗa ƙasa. Amma duk da haka Kazaure ba ta daina zama ƙaramar masarauta a tsakanin manya ba, ga Kano a kudu, ga Katsina a yamma, ga Daura a arewa, ga kuma mayaƙan Damagaram suna kawo hari lokaci lokaci. Wanda ya ke zaune tsakanin manya kuwa, in ba shi da yawan dawaki, sai ya nemi yawan hikima.

Tun a wancan zamani ba a rasa karatu a ƙasar ba. Kowace unguwa da makarantar allo, manyan almajirai kuma suna bin malaman zaure su karanta fiƙihu da nahawu. Wanda ya so ƙari sai ya ɗauki allo da gafaka, ya yi gabas ko ya shiga Kano. Watau fita neman ilmi daɗaɗɗiyar al'ada ce a wurin mutanen Kazaure. Abin da ba su saba gani ba shi ne baƙi su yi ayari su zo garinsu neman karatu.

Zuwan Turawa da Kafa En'e

Turawa suka ci Kano a 1903, a zamanin Sarkin Kazaure Muhammadu Mayaƙi. Da mulkinsu ya zauna, aka sa Kazaure cikin Lardin Kano, tare da Gumel da Haɗeja, amma aka bar ta da Sarkinta da majalisarta. Sa'an nan aka kafa Baitulmali, aka yanka wa hakimai da alƙalai albashi, aka ce kowane kwabo na haraji da na jangali sai an rubuta shigarsa da fitarsa. Wannan tsari shi ne a ke kira En'e.

Nan ne fa bukata ta taso. Baitulmali ba ya tafiya sai da Ma'aji wanda ya iya lissafin fam da sule da kwabo. Hakimi ba ya fita ƙidayar haraji sai da malami mai rubuta sunayen masu gida. Kotun alƙali tana son magatakarda, ɗakin magani yana son malamin asibiti, kasuwa da mahauta suna son duba-gari, hanya da kwalbati suna son wanda ya san awo. In babu ɗan ƙasa da ya iya waɗannan ayyuka, tilas a ɗauko baƙo, baƙon kuwa bai san dagaci ba, bai san talaka ba, bai san abin da ya ke sa mutum ya ɓoye sansa ranar jangali ba. Saboda haka maganar makarantar boko a wurin En'en Kazaure ba maganar ado ba ce. Magana ce ta ko ƙasa za ta riƙe al'amuranta da hannunta, ko ta bar wa wasu.

Amma talakawa ba su karɓi abin da hannu biyu ba. Wasu suna tsoron kada a ɓata wa 'ya'yansu addini, wasu kuwa suna duban gona, gama yaron da ya tafi makaranta an rasa mai riƙe fartanya da damina. In labari ya zo cewa malamin makaranta yana tafe da dogari, sai ka ga an tura yara ƙauye wurin kakanni, ko a ɓoye su cikin rumbu. Sau da yawa sai da hakimai da dagatai suka fara ba da 'ya'yan cikinsu tukuna, sa'an nan sauran jama'a suka saki jiki. Albashin malaman elementare da kuɗin alli da na littattafai kuwa daga Baitulmali su ke fita, watau daga harajin waɗannan talakawa da su ke gudun makarantar.

Hanyar Neman Ilmi a Waje

Makarantar boko ta farko ta gwamnati a ƙasar Hausa ita ce wadda Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu game da ita. Ban da ajin 'ya'yan sarakuna da ajin malamai, akwai wani sashe na koyon sana'a, inda a ke koyar da aikin kafinta da ƙira da dukanci da ɗinki. Ashe tun daga tushe an gane cewa ƙasa ba ta ginuwa da alƙalami kaɗai. Amma tun daga tushen ne kuma mutane suka fara fifita mai alƙalami a kan mai guduma, wannan ciwo kuwa bai warke ba har yau.

Wajen 1930 aka sāke tsari, aka haɗa makarantun lardi da na sana'a aka mai da su Midil. Daga nan hanyar yaron Kazaure ta zama sananniya. Ya yi shekara huɗu a elementare, yana koyon karatu da rubutu da lissafi da tsabta cikin Hausa. In ya yi ƙoƙari a zaɓe shi, ya tafi Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa daga baya, can zai fara Turanci. In kuwa ya yi fice ƙwarai, sai Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewa a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu.

Waɗanda za su kama aikin En'e kuma kowa da inda a ke tura shi. Mai son aikin duba-gari ya tafi Makarantar Tsabta ta Kano. Wanda za a yi wa alƙalanci ya shiga Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934. Malamin gona ya tafi Samaru, malamin dabbobi ya tafi Vom. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe makarantar koyar da akawuna a Zariya, wadda ta girma ta zama makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, can ne ma'aji da magatakarda su ke zuwa kos.

Duk waɗannan wurare babu ko ɗaya a ƙasar Kazaure. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Nguru ta Ringim, amma bai biyo ta Kazaure ba. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya sai a ɗaura masa akwatin ƙarfe da tabarma, ya bi ayari ko ya hau bayan motar gyada, ba ya sāke ganin uwarsa sai hutu. 'Ya mace kuwa ba a ma kawo maganarta cikin wannan tafiya, sai ƙalilan. Haka aka yi ta yi zamanin Sarki Umaru Na'uka, da zamanin Sarki Adamu wanda ya hau a 1941. Mutanen da suka bi wannan hanya suka komo suka riƙe ofisoshin En'e, su ne waɗanda a ke tunawa a cikin wannan ɗan littafi.

Yadda Labari Ya Ke Zuwa

Ilmi da labari tagwaye ne, inda ɗaya ya shiga ɗayan yana biye. A da, labarin Sarki yana fita ta bakin mai shela a kasuwa, saƙon hakimi kuma dogari ya ke kaiwa bisa doki. Da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, sai malaman En'e suka sami wani sabon aiki wanda ba a biyansu kome a kansa. In jarida ta iso, da la'asar sai a taru a ƙofar gidan malamin makaranta ko malamin haraji, ya karanta da ƙarfi, jama'a suna saurare. Ta haka manomi ya ji labarin yaƙin Hitila, da na sojan Nijeriya a Burma, da farashin gyada a Kano. Yara da yawa a gindin irin wannan karatu suka fara sha'awar boko, don sun ga takarda tana magana.

Bayan wannan aka yi Yaƙi da Jahilci, manya suka shiga ajin yamma. Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, ƙaramar rediyo mai batir ta shiga ƙauyuka. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe ƙofar firamare ga kowane yaro kyauta, makarantu suka yawaita a ƙasar Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da maƙwabciyarsu Ɓaɓura. To, yaran da suka shiga aji ɗaya a wannan shekara, kafin 1990 sun gama sakandare, sun tsaya cirko-cirko suna tambayar inda za su nufa.

Daga En'e Zuwa Jiha

A 1967 aka rushe Jihar Arewa, Kazaure ta faɗa cikin Jihar Kano. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, ayyukan da En'e ta ke yi suka koma hannunsu, masarauta ta zauna a matsayin uwar ƙasa. Ran 27 ga Agusta 1991 Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jihar Jigawa daga Kano, aka sa hedkwatarta a Dutse.

Sabuwar jiha ta tashi ta tarar da irin matsalar da En'e ta tarar shekara tamanin kafin nan. Ga ofisoshi, ga asibitoci, ga hanyoyi da za a yi, amma manyan makarantu yawancinsu sun zauna a Kano. Saboda haka kafin shekarar ta ƙare aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, aka raba ta gida huɗu don kowane yanki ya sami rabo. Sashen aikin gona a Haɗeja, sashen kasuwanci da mulki a Dutse, sashen shari'a da addinin Musulunci a Ringim, sashen kimiyya da aikin injiniya kuwa a Kazaure, nan kuma aka ajiye ofishin shugabanta. Daga baya aka sa mata sunan Sarkin Kazaure Hussaini Adamu, wanda ya rasu a 1998, ɗansa Najib Hussaini Adamu ya gaje shi.

A 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda shi ma ɗan ƙasar Kazaure ne, aka buɗe makarantar koyon kwamfuta a garin, da haɗin gwiwar wani kamfani na ƙasar Singafo mai suna Informatics. A lokacin kuwa yawancin mutanen ƙasar ba su taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba, har wasu suna cewa abin ya yi wa ƙauye yawa. Amma samari da 'yan mata daga ƙananan hukumomin jihar suka zo suka koya, da yawansu da wannan sana'a su ke ci har yau.

A 2007 Gwamnatin Tarayya ta karɓi kwalejin Kazaure, sunanta ya zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Sauran sassa uku suka zauna a hannun jiha, kowane ya ci gashin kansa. A 2021 kuma, lokacin Muhammadu Badaru Abubakar ɗan Ɓaɓura yana Gwamna, Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Ɓaɓura. Ƙasar da ta yi shekaru tana sallamar 'ya'yanta zuwa garuruwan wasu, ga shi yau 'ya'yan wasu suna sauka a tashar motarta da akwatunansu.

Irin wannan makaranta ba a Nijeriya kaɗai a ke yin ta ba. A Amurka akwai kwalejojin shekara biyu masu yawa, waɗanda a ke kafawa kusa da gidajen mutane don ɗan talaka ya yi karatu ba tare da ya bar garinsu ba, ta garin Joliet tun 1901 ta ke. A nan gida kuwa iyayen tafiyar su ne makarantar Yaba ta Ikko da Kwalejin Fasaha ta Kaduna, wadda ta sami wannan suna a 1968. Dukansu nufinsu ɗaya, watau a fitar da mutumin da kansa ya san dalili, hannunsa kuma ya san aiki.

Zaman Ɗalibai

Mai son shiga kwaleji sai ya ci jarrabawar gama sakandare, sa'an nan ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. In an ɗauke shi ya yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma. A tsakani a kan tura shi watanni ya koyi aiki a masana'anta ko ma'aikata, yana rubuta abin da ya yi kowace rana cikin wani littafi, malami ya zo ya duba. In ya gama sai ya fita ya yi aikin shekara guda, sa'an nan in yana so ya komo ya ƙara shekara biyu ya sami babbar difloma, wadda da ita a ke tafiya bautar ƙasa. Hukumar kula da ilmin fasaha, wadda aka kafa a 1977, mazauninta yana Kaduna, ita ce ta ke aiko masu bincike su duba malamai da kayan aiki kafin ta yarda da kowane kos.

Wanda ya san En'e, in ya dubi tsarin kwaleji ba zai ga baƙon abu ba. Akwai shugaba, akwai majalisa a bisansa, akwai magatakarda mai riƙe da takardu, akwai ma'aji mai riƙe da kuɗi, akwai mai kula da ɗakin littattafai. Bambancin shi ne, bisa dokar da aka gyara a 2019, shugaban kwalejin Tarayya shekara biyar ya ke yi, ba ya maimaitawa.

Ranar ɗalibi tana farawa da asuba. Wanda ya sami gado a ɗakin kwanan makaranta ya huta da kuɗin haya, wanda bai samu ba sai su haɗu su biyu ko uku su kama ɗaki a gari. Da hantsi an cika azuzuwa, masu koyon lantarki da kanikanci suna ɗakin aiki da rigunansu na aiki, masu aikin gine-gine suna fili suna awo cikin rana, masu kwamfuta suna addu'a kada wuta ta ɗauke. Da azahar a watse a nufi masallaci da rumfar mai abinci. Da hunturu ƙura ta kan rufe duwatsun gari, ɗalibin da ya zo daga Kudu ya sha mamakin sanyi, da bazara kuwa ya sha mamakin zafi. Cikin azumi ɗaliban da iyayensu ke kusa su kan kawo kunu da ƙosai su sha ruwa tare da waɗanda suka zo daga nesa. Ran Lahadi ɗalibai Kirista su tafi wurin ibadarsu. Da yamma akwai ƙwallo, akwai taron ƙungiyoyi, kowace jiha da ƙungiyar 'ya'yanta, kowane sashe da tasa.

Manyan ranaku uku ne a shekara. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai, inda a ke sa musu doguwar riga su yi alkawarin bin doka. Lokacin zaɓen shugabannin ƙungiyar ɗalibai, inda a ke manna takardu a bango a yi ta yawon neman ƙuri'a kamar na manya. Da kuma ranar yaye ɗalibai, ran da tsoho ya ke zuwa daga ƙauye da babbar rigarsa ya ga an kira sunan ɗansa ko 'yarsa a gaban jama'a. Sau da yawa wannan tsoho jikan wanda aka ɓoye cikin rumbu ne.

Labari a cikin makaranta shi ma ya sāke hanya. Da farko allon sanarwa ne kaɗai, ranar da aka manna sakamakon jarrabawa sai ka ga an yi masa dafifi, wani ya fito da dariya, wani ya sulale ba ya son a gan shi. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, sa'an nan intanet ta yaɗu, sai rajista da biyan kuɗi da duba sakamako suka koma cikin waya. Yanzu kowane aji yana da zaurensa a WhatsApp, in malami ya ɗaga lacca kafin ya kai ƙofa kowa ya ji. Amma hanyar da gaskiya ta ke bi da sauri, ita ce ƙarya ta ke bi. Jita-jitar ƙarin kuɗin makaranta ko ta ɗage jarrabawa ta kan zaga ɗakunan kwana cikin dare ɗaya, sai da safe magatakarda ya fito da takarda ya ƙaryata. Malamin da ya karanta wa jama'a jarida a 1939 yana da wata daraja da waya ba ta da ita, gama an san shi, an san gidansu, in ya ƙara gishiri za a tare shi a kasuwa.

Gari kuma ya ci moriya. Masu gidaje sun gina ɗakunan haya, 'yan acaɓa da masu Keke Napep sun sami fasinja, masu shayi da masu wanki da masu buga takardu sun kafa rumfuna a bakin ƙofa. Masuntan dam ɗin Kazaure ma sun san bambancin ciniki tsakanin lokacin karatu da lokacin hutu. Abin da ya fi duka girma shi ne 'ya'ya mata. Uban da ba zai yarda 'yarsa ta tafi Zariya ko Kaduna ba, ya kan yarda ta tafi makarantar da za ta komo gida kafin magariba, har matan aure suna zuwa aji da goyo.

Shekarun Wuya

Ba kullum a ke kwana a gado ba. Daga watan Oktoba na 2013 zuwa Yuli na 2014 ƙungiyar malaman kwalejojin fasaha ta ƙasa ta yi yajin aiki, ɗalibai a ko'ina cikin Nijeriya suka yi kusan shekara suna zaune a gida. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasa duka, ba a komo ba sai ƙarshen shekara. A irin waɗannan lokatai ne a kan gane yadda gari ya jingina da makaranta, gama ɗakunan haya su kan zama kango, mai abinci ta kife tukunya. Ɗalibi kuwa, wani ya kama kasuwa bai komo ba, wata aka yi mata aure karatu ya tsaya.

Sai kuma tsadar rayuwa. Da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na abinci suka hau, ɗan manomi ya ji a jikinsa. A 2024 aka yi dokar ba ɗalibai rance, wadda ta haɗa da na kwalejojin fasaha, amma rance bashi ne, sai an sami aiki a ke iya biya.

Ciwon da ya fi daɗewa shi ne wanda aka ambata tun a makarantar Ɗan Hausa. Shekaru da yawa mai babbar difloma ya kan tarar an yi masa iyaka a aikin gwamnati, wadda ba a yi wa mai digiri ba, ko da tare suka fara, ko da shi ne ya fi sanin aikin. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci, amma bai sami sa hannun Shugaban Ƙasa ba har wa'adin majalisar ya ƙare a 2023. Muddin iyaye suna ganin kwalejin fasaha wuri ne na wanda jami'a ta ƙi, to, yara masu ƙwazo za su riƙa wuce ta, ƙasa kuwa ta ci gaba da ɗauko mai gyaran inji daga nesa.

Abin da Ya Rage

Tun da kwaleji ta koma hannun Tarayya, ƙofarta a buɗe ta ke ga kowane ɗan Nijeriya, haka kuwa ya kamata. Amma wannan yana nufin zama kusa da ita ba ya ba yaro kujera. Yaron Gwiwa ko na Roni sai ya ci jarrabawa kamar yadda yaron Ilori ko na Inugu ya ci. In firamaren ƙauyensu ba malami, in sakandarensu ba ɗakin gwaje-gwaje, to, zai girma yana kallon katangar kwaleji daga waje, iyakarsa ya kai ɗalibai a bayan babur. Babu asarar da ta kai ta mutumin da rijiya ke ƙofar gidansa ya kwana da ƙishirwa don ba shi da guga.

Gugan nan kuwa a firamare a ke saƙa shi, kula da firamare kuma yana wuyan ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da masu unguwa, watau magadan En'e. Ma'aikatan farko sun sami ƙasa ba ta da ko aji ɗaya na boko, suka bi gida gida suna roƙon a ba su yara, suka yi ta lissafin kwabo da ɗari har aka gina azuzuwa, suka tura 'ya'yansu garuruwan da ba su da kowa. Ba su ga kwaleji da idonsu ba, amma da ba su yi nasu ba da ba a sami wanda zai zauna cikinta ba. Na yanzu an sauƙaƙa musu, ba a ce su kai yaro Katsina ko Zariya ba. Abin da a ke nema gare su shi ne su tabbata malami yana zuwa aji a ƙauye, yarinya ta gama sakandare kafin a kai ta ɗaki, wanda ya fito da difloma kuma a ba shi aikin famfo da na wuta da na gini a garinsu, a biya shi hakkinsa.

Maharbin nan ya ce wuri kamar zaure. Baƙi sun zo sun cika shi, malamai sun shimfiɗa buzu. Saura masu gida su shigo da 'ya'yansu su zauna.